Farin Idon Baba

Abin da na fara lura da shi da muka isa asibiti a Haɗeja shi ne bencin masu tari a waje yake, ƙarƙashin dalbejiya, kuma kowa ya bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Baba ya zauna a can ƙarshe. Ni na tsaya riƙe da katinsa.

Ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa ƙwayoyin tarin fuka, ta ce wata shida zai yi yana sha. Ta ce maganin yakan taɓa hanta, don haka ban da jiƙo, ban da sayen ƙwaya a kemis. Sai ta juyo gare ni.

"'Yar makaranta, ke ce a gida?"

Na gyaɗa kai. Inna ta tafi Miga da jaririnmu saboda tarin.

"To kullum da safe, a hasken rana, ki duba farin idonsa. In kika ga ya koma ruwan ɗorawa, ki kawo shi a ranar. Kar ki ce sai gobe."

Na ce to. Na kasa gaya mata ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "ke" yake cewa, yana kallon bango. Na san kaushin diddigensa da tabon lauje a yatsansa, amma ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba.

Na yi ta dabara. In na kai masa koko sai in daɗe a durƙushe, shi kuwa ya sunkuya a kan kwano. Lokacin alwala nakan laɓe bayan randa, amma tafukansa sun rufe fuskar. A aji idona na kan allo, zuciyata na cewa yau ma ba ki duba ba.

A mako na biyar ya bar kifin da na soya, kwana biyu a jere. Na ji shi yana kakarin amai a bayan rumbu. Washegari ya ɗauki lauje zai tafi fadama, don shinkafa ta nuna. In ya tafi kuwa sai magariba, lokacin haske ya ƙare.

Na riga shi zuwa zaure, na tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, ba ni hanya."

Ban matsa ba. Na kafa ido a kan takalminsa na roba da aka ɗinke da zaren buhu.

"Yau ba makaranta ne? Ko ke ma yankan shinkafar za ki?"

"Baba," na ce, "don Allah ka fito rana, ka tsaya in ga idonka."