Tafintan Yayata

Asibitin da muke kai yayata a Malanville akwai wata malamar jinya, 'yar kudu, da aka tura kwas ta koyo tausayi. Ta kuwa koyo shi tsaf. Ta riƙe hannun mara lafiya, ta karkata kai, ta narkar da ido, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Hausa ce dai babu, Dendi ma babu, sai Faransanci.

Don haka sai da tafinta. Wa za a samu in ba ɗan yaya na fari ba, magidanci mai aiki a duwan, wato kwastan? Ɗan fari fa, wanda ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba don kunya. Shi aka zaunar a gabanta wai ta gaya masa inda ke ciwo.

Ƙulli ne a nononta, ni kaina ban sani ba lokacin.

"Inna, ta ce mi ke damun ki?"

Yaya ta kalli bango. "Ce mata masassara ta."

Malama ta shafa mata kafaɗa, ta ba da maganin sauro. Muka koma da damina, muka koma da kaka, masassara dai. Kullum a riƙe hannu, a karkata kai. Hannun nan ya sha riƙo, rigar ce ba wanda ya ɗaga.

Wata rana muka faɗa hannun babbarsu, majo, Badendiya mai ɗaure fuska da kowa ke gudu. Ko sannu ba ta ce ba. Ta dubi yaya, ta dubi ɗan.

"Wanga ɗanki na? Na hwari? Kai, hita waje!"

Ta ja labule, ta ɗaga rigar. Warin ya riga idona. Majo ta mayar da rigar a hankali, ta ce, "Yaya, tun yaushe kike ɗauke da wanga ke ɗai?" A nan yayata ta fashe da kuka, nima na taya ta.

A babban asibitin Parakou suka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Ba ta ga ƙaramar salla ba.

Malamar tausayi ta zo gaisuwa, ta fi mu hawaye. Ta kama hannun ɗan, ta ce abin baƙin ciki, da marigayiya ta faɗa da wuri da an cece ta. Ya fassara mana, kansa a ƙasa. Har yau na kasa raba shi da tunanin cewa shi ya kashe uwarsa.