Amsar Baba Ta Zo Daidai Sau Biyu

Na kwashi taki da hannuna tun ina yaro a Gazawa, ban taɓa jin ƙyamarsa ba. Aikin da nake ƙyama har yau mai tsabta ne, na takarda da bik, wato biro, wanda na yi wata uku a ƙauyukan Agye da Gidan Rumji.

Wata takardar tambayoyi ce aka rubuta a wata ƙasa, aka mai da ita Faransanci, sannan aka mai da ita Hausa. Wai da ita za a auna yadda masu tarin fuka ke jin daɗin zaman duniya. Mu aikinmu gwaji ne: a yi wa marar lafiya tambayoyin yau, bayan sati biyu a koma a sake. In amsa ta zo ɗaya, takarda ta yi kyau ke nan. Shugabar aikin, wadda muke kira Madam, ta ja mana kunne a buro, wato ofishinmu: "Ku karanta yadda aka rubuta. Ba ƙari, ba ragi, ba bayani." Ta ce kuma duk wanda amsarsa ta nuna yana cikin ƙunci za a miƙa sunansa ga majo, babban ma'aikacin likita, wato asibitin garinsu, ya je ya zauna da danginsa.

Kai, wanda ya tsara wannan abu bai taɓa gaida Bahaushe ba! Mutumin da za ka tarar kwance, numfashi na fita da ƙyar, ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Shi ne zai zauna gaban baƙo ya ce rayuwarsa ta lalace?

A wani ƙauye kusa da Gidan Sori na haɗu da dattijon da nake kira Baba. Manomin gero da wake ne, wata uku yana shan magani, kuma majo ya gaya mini da bakinsa cewa yanzu ba ya shafa wa kowa ciwon. Amma a bayan gida na same shi, a wata rumfa kusa da rumbu. Gefensa akwai kwano da aka ɗiga wa jan fenti a gindi, da moɗa mai tsumma ɗaure a hannu, don kada wani ya yi kuskuren ɗauka. A ƙofar gida kuwa ga inda mazan unguwa ke ciyayya, kowa ya fito da tuwon gidansa a ci tare. Tun yana saurayi yake cikin wannan da'ira, yanzu an cire shi.

Ƙanensa ya zauna tare da mu, don ba a barin baƙo shi kaɗai da marar lafiya. Na karanta: "A cikin sati biyun nan, ciwonka ya hana ka cuɗanya da mutane? Sam, kaɗan, matsakaici, ko ƙwarai?"

Baba ya dubi ƙanensa, ya dubi ƙasa. "Alhamdu lillahi, Malam. Dangi na ƙoƙari."

Na duba takardar, babu gidan alhamdu lillahi. Na sake karantawa. Ya ce, "Ba komi." Na sa alama a kan "sam", idona na kan jan fentin nan.

Ranar da na koma, ƙanen ya tafi kasuwar Cadakori. Rana tsaka ce, an kawo wa Baba fura a kwanonsa. Ya dama, ya miƙo mini ludayi da hannu biyu, fuskarsa a sake.

"Bisimilla, Malam. Sha hura."

Na san abin da majo ya ce. Ni da kaina nake koya wa mutane cewa ba a ɗaukar wannan ciwo a kwano. Tun safe ban sa komai a cikina ba. Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na gode, Baba, yanzun nan na sha." Tir da ni! Ya riƙe ludayin jim kaɗan a sama, sannan ya mai da shi cikin kwanon, shi ma bai sha ba.

Da muka iso tambayar cuɗanya, ban ma kai ƙarshenta ba ya ɗaga hannu. "Rubuta kamar wancan karo, Malam." Na rubuta.

A buro Madam ta jera takardunsa biyu, ta yi murmushi. "Ka gani? Daidai wa daida." Na ce mata, "Madam, mutumin nan shi kaɗai yake cin abinci a bayan gida." Ta ce, "Ya faɗa?" Na ce a'a. "To me ka rubuta?" Na nuna mata "sam" ɗin da na sa wa alama. Sunansa bai shiga cikin waɗanda za a miƙa wa majo ba. Ba na ɗora mata duka laifin. Ina da moto, babur ɗin aiki, ina da baki, likitar ba nisa gare ta ba. Kullum sai in ce gobe zan biya in yi wa majo magana, kullum akwai wani ƙauyen da takardu ke jira.

Da aka gama, aka tara mu aka ce Hausar ta zauna, takarda ta inganta, aka yi tafi. Na tafa tare da su.

Bayan wata guda hanya ta bi da ni ta garin. Majo ya ce Baba bai zo karɓar magani ba, ga shi saura kusan wata biyu ya gama. Na wuce gidan. Rumfar ba kowa, kwanon mai jan fenti na ƙasa, kaji na shan ruwa a ciki.

"Yaya ya tahi cirani Najeriya," in ji ƙanen, yana sosa ƙeya.

"Da wannan jikin? Maganin fa?"

"Mun yi, mun yi, Malam, ya ƙiya. Ya ce can ba wanda ya san shi, zai sa hannu kwano guda da mutane."