Tafukan Yara a Kan Farin Yadin Hajiya Amama

A unguwar Maamobi ta birnin Accra, in ka ga ɗan shekara biyu ya koma gida da tafin hannu rawaya, ba sai ka tambaya ba, a wurin Anti Muniratu ya wuni. Shekara takwas ta yi tana shara da wanke yara a wata makarantar raino a Kokomlemle. A can ta ga 'ya'yan masu hali suna dangwala yatsa a fenti suna damalmala takarda, har a tafa musu. Abin ya tsaya mata a rai. Da makarantar ta rufe, sai ta koma ɗakinta na haya, ta fara riƙe 'ya'yan matan da ke sammakon kasuwar Makola. Yara bakwai ne, babu wanda ya kai shekara huɗu.

Ba ta yarda da fentin kanti ba, don yaro duk abin da ya taɓa baki zai kai. Kunun garin rogo take damawa, ta raba a murafan roba. Wannan ta zuba kurkur, wancan sobolo, wato zoɓo, wani karan dafin da ake dafa waakye, shinkafa da wake, da shi, wani garin gawayi. Kwalin taliya shi ne takardarsu.

Tsoronta ɗaya, mai gidan. Hajiya Amama tsohuwa ce da ko ƙuda ya sauka a tabarmarta sai ta kakkaɓe. Ranar da ta ga yatsu biyar a bangon banɗaki ta yanke magana: "In na sake ganin kala a kan abina, ki nemi ɗaki." Ɗaki mai tsakar gida a Maamobi kuwa, ga mace mai jan yara bakwai, ko a mafarki.

Wata Laraba a watan Yuni rana ta fito bayan kwana shida ana ruwa. Dama Zuberu tela, wanda shagonsa ke ƙofar gidan, ya yi wa Muniratu alkawarin ragowar farin yadi, ya ce zai rataya mata a igiya. Ta fito ta ga fari a igiya, ta janyo. Ta ji ƙamshin turare a jikinsa, amma murna ta hana ta tsayawa. Ta shimfiɗa a ƙasa, ta saki yaran. Suka dinga tsoma hannu suna mannawa suna ihu, ƙaramin cikinsu, Razak, har da ƙafa.

Ana kiran azahar sai ga Zuberu da leda. "Anti Muni, ga yadin naki, na manta wallahi."

Ta dubi ledar, ta dubi ƙasa. Zuberu ya durƙusa ya murza bakin yadin, sai ya ɗora hannu a ka.

"Ei! Likkafanin Hajiya ne. Daga Makka ta zo da shi, da ruwan Zamzam ta wanke shi. Sanyin damina ya sa ta shanya."

Hajiya ta tafi suna a Nima, bayan la'asar za ta dawo. Muniratu ta kwashe yaran ta zaunar a ɗaki, ta faɗa wanki. Gawayi ya fita, sobolo ya dushe. Amma kurkur, sabulu na taɓa shi sai ya rikiɗe ya koma ja, tafukan suka ƙara fitowa raɗau.

"Bari in hau okada in je Makola," in ji Zuberu. "Irinsa sak zan samo, in yanka, mu rataya. Idonta bai gani sosai."

Ta so ta ce to, har bakinta ya buɗe. Sai ta tuna a cikin yadin Makolan za a sa matar a ƙasa, tana zaton da Zamzam a jikinta. Ta girgiza kai, hawaye na zuba mata cikin bahon.

Da sandar Hajiya ta fara ƙwanƙwasa simintin zaure, Muniratu ta durƙusa da jiƙaƙƙen yadin a hannu.

"Mma, ni ce. Ban sani ba na ɗauka. Yaran ba su da laifi."

Hajiya ta karɓa, ta kai shi dab da idonta.

"Shekara goma sha tara ina ajiyarsa," ta ce. "Ƙafafun nan kuma ba za su sake kai ni Makka ba."

"Zan kwashe kayana, Mma."

"Wa ya sallame ki?" Ta ɗora tafinta mai tamoji a kan wani ɗan jan tafi, ya ɓace ƙarƙashinsa gaba ɗaya. "Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kullum tunanina wa zai yi mini wanka. Ke kika ɓata, ke za ki naɗe ni a ciki. Ranar, ki juya hannayen nan ta ciki, ta jikina, kada mutane su gani su yi surutu."