Waken da Ya Hana Raƙuma Tashi

Ran da za a kai ni gidan miji a Damargu, uwata ta cusa wata jakar fata ƙarƙashin ƙorena, ta ce, "Mutanen arewa mutanen kirki ne, amma bakinsu bai san wuta ba. Riƙe wannan, kada lami ya kashe mini ke." Busasshen barkono ne cike da jakar. Ni 'yar kudancin Damagaram ce, a gidanmu miyar da ba ta sa mutum jan hanci ba, ba a kiranta miya. Ƙauyen da aka kawo ni kuwa, can gefen Gangara, hatsi ne da nono, fura da safe, fura da rana. In na daka yaji sai ka ji atishawa har gidan maƙwabta, mata suna leƙowa ta kan danga suna tambaya ko aljani nake kora. Maigida ya sha wuya a watannin farko, daga baya ya saba, ko kuma ya haƙura, ban taɓa tambayarsa ba.

A wancan zamanin mota labarinta kawai muke ji. Abin da ya dame mu shi ne gonarmu, wadda maigida ya gada wurin mahaifinsa. Jigawa ce, kuma ta gaji. Maganin gajiyar gona a wurinmu ɗaya ne: bayan kaka Buzaye su sauka cikinta da raƙumansu, dabbobi su ci kara su kwana, su bar taki, mai gona kuma ya ba su dammunan hatsi, ya ciyar da baƙonsa. Maigida yana da nasa Buzun, abota ce tun ta iyayensu. Sai dai a shekarun baya sojan Nasara sun kwashe raƙuma da yawa, waɗanda suka rage suka zama abin rububi. Abokin namu ma ya yi shekaru bai leƙo ba, yana can wajen Belbeji yana farfaɗo da garkensa.

A shekarar da nake ba da labari hatsinmu bai yi ba. Abin da ya yi shi ne waken da na shuka tsakanin kunya, na cika randuna da shi na rufe da toka. Maigida ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiya: in gonar ba ta samu taki bana ba, baɗi ba za ta ciyar da mu ba, sai mu kwashe kayanmu mu bar garin. Ya faɗa yana kallon ƙasa, domin kabarin mahaifinsa yana nan bayan gari. Ni ma a lokacin na riga na so wurin, duk da lamin bakinsu.

Sai ga Buzun namu ya iso, raƙuma na biye. Maigida ya tarye shi kamar ya ɗauke shi a ka. Suka kafa bukkarsu ta tabarmi a tsakiyar gonarmu. Aka ce mini matarsa na ciki kwance ba ta jin daɗi, na aika da gaisuwa, ban je ba, don ba na jin harshensu. Amma ba mu kaɗai muka ga raƙuman ba. Maƙwabcinmu na gabas, wanda rumbunansa suka cika har suna nishi, tun ranar ya fara zagayen gonar, wai yana neman akuyarsa da ta ɓata. Akuyar nan kullum sai ta ɓata, kuma kullum a gonarmu.

Da la'asar maigida ya shigo ya ce, "Ke, a yi wa baƙo tuwo mai kyau."

Na ce, "Da wane hatsin? Na dammunan da za ka ba shi, ko na iri?"

Na ce, "To bar ni da abin da na iya. Da babu gara ba daɗi."

Na ɗebo wake na sheƙe tokar, na tsince, na wanke. Na ɗora tukunya da 'yar kanwa don ya yi saurin nuna. Da ya fara fashewa na zubar da ruwan farko, na sake wani. A ɗaya murhun na narka man shanu, na marmasa gabu a ciki, wato busasshen ganyen albasa, na sa daddawar batso da gishirin da ayari ke kawowa. Akwai wani ƙashin rago da na shanya tun layya, na fasa na jefa. Sannan na jawo jakar uwata. Na ce a raina baƙo ne na musamman, ba za a yi masa rowa ba, na cika tafin hannu na ƙara. Na haɗe su wuri guda na rage wuta, ina motsawa har romon ya yi kauri, waken ya narke rabi ya bar rabi. Na ɗanɗana, wallahi sai da na tuna gida.

Aka kai musu akushi ƙofar gida, ni kuma na laɓe jikin danga ina leƙe ta tsakanin kara. Wanda ya san Buzu ya san ba ya buɗe bakinsa gaban mutane. Yakan juya gefe, ya ɗaga amawalin rawaninsa kaɗan, ya tura loma ta ƙasa. Haka baƙonmu ya yi. Loma ta farko na ga ya tsaya cak. Ya dubi sama. Ya sake kai hannu. Can sai gumi ya keto masa, ga shi lokacin sanyi ne, shunin rawanin ya jiƙe ya fara gangarowa, idanunsa suka yi jawur. Ya cinye rabonsa tas, ya yi hamdala da wata 'yar siririyar murya. Ni da na ga akushi ya koma fari, daɗi ya kama ni, na ce ashe a arewa ma akwai masu baki. Na cika shi na sake aikawa.

Maigida ya shigo bayan isha hannu bisa kai. "Kin kashe mu! Kin kashe mu, 'yar kudu!"

"Yo ba ya cinye ba? Har ƙari ya yi."

"Ke ba ki san mutanen nan ba. Ko garwashi kika zuba masa, ba zai ce ya ƙone ba, kuma ba zai bar saura ya kunyata mai gida ba. Mutumin nan da ƙyar ya gane hanyar gona!"

Na ce ai ni ban ga laifina ba, a garinmu akushi in ya dawo fari yabo ne. Muka yi ta yi har na juya masa baya. Amma a raina na san abin da ke rataye a kan akushin nan.

Washegari na rage barkono, ba da yawa ba, don hannuna ya ƙi. Da aka kai, baƙo ya ce a yi masa gafara, zai tafi da shi bukka ya ci a can. Maigida ya dube ni ta kan danga, kallon da ke cewa kin gani ko. Muka tabbata a rami zai zuba. Da safe na tarar da akushi rataye a ƙofa, an suɗe shi kamar an wanke. Haka aka yi ta yi kullum. Wata rana har da ɗan cuku a ciki, irin nasu na nono da ake busarwa. Maigida ya ce kara ce kawai irin tasu, kada in yaudari kaina.

Ya yi ta yi mini magiya har na ji tausayinsa. Wata rana na danne zuciyata na dafa waken ba ko ƙwayar barkono, fari fat, abin kunya ga ɗiyar uwata. Da safe akushi ya dawo da fiye da rabi, ba cuku. Na sake yi, ya sake dawowa haka. Na tsaya ina juya abin, na ce ruwa ba ya tsami banza, amma ban gano bakin zaren ba.

Ana cikin haka Buzu ya zo ya zauna gaban maigida, ya daɗe yana zane a ƙasa da ɗan kara kafin ya yi magana. Ya ce maƙwabci ya yi masa alkawarin dammuna fiye da namu nesa ba kusa ba, da tuwo da nama. Shi kuwa yana da mutane a bayansa da zai ciyar har damina, gobe zai matsa gonar gabas. Maigida ya ce, "Ba komai, aboki. Ni ma da ni ne haka zan yi." Ya shigo ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Bai ce laifina ne ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata.

Da gari ya waye kukan ya koma haushi. Na ce tun da tashi za mu yi, to yau zan ci wake irin na gidanmu, wanda ya ga dama ya yi atishawa ya mutu. Na ɗora tukunya tun da sassafe, na zazzage barkono a man shanu har ni kaina sai da na fita waje ina tari. Iska kuwa ta ɗauki ƙamshin ta yi gona da shi. Daga inda nake ina jin kukan raƙuma ana durƙusar da su za a ɗaura kaya.

Hantsi ya ɗaga, sai na ji sallama da muryar da ban sani ba. Wata doguwar mace ce, fuska buɗe, baƙin mayafi a ka, ciki ya yi gaba har tana dafe ƙugu. Akushina ne a hannunta. Ta dube ni ta dubi tukunya, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Ke ce mai wake?"

Na ce, "Ni ce."

"Wa ya cire wutar?"

Ba ta jira an ba ta tabarma ba, ta zauna bakin murhu ta miƙo akushi. Tana ci tana ba ni labari, rabi da baki rabi da hannu. Tun da cikin nan ya shiga, nono amai, fura amai, har ta rame ta kasa tashi. Daren da mijinta ya shigo da akushin yana neman inda zai ɓoye shi, ƙamshin ya tashe ta zaune. Tun daga ranar ba abin da ke zama a cikinta sai shi. Shi kuwa kunya ta hana shi gaya wa abokinsa cewa matarsa ce ke cinye abincin da aka ba shi. Da waken ya koma fari, ta ce ya je ya tambaya, ya ce shi ba zai iya zuwa gidan mutane ya ce abincinsu bai yi ba.

Gumi na zuba, tana jan hanci, tana dariya. Ni ma dariya nake, hawaye na bin fuskata. Na ce, "Kayya, 'yar'uwa, ga shi kuwa yau za ku tashi."

Ta ajiye loma. "Wa zai tashi?"

"An ce kun koma gonar gabas."

Ta ƙyalƙyale da dariya har cikin na rawa. "Shi ya koma. Bukka tawa ce, uwata ta saƙa tabarmin. Taguwoyin da ke ba da nono, nawa ne. In yana so ya ɗauki sirdinsa ya je ya kwana gindin kara." Ashe haka abin yake a wurinsu, ɗaki na mace ne, inda ta kafa shi nan ne gida. Maigida da maƙwabci duk sun ɓata ƙafarsu wajen lallashin namiji.

Na bi ta har gona ɗauke da sauran tukunyar. Maza na tsaye cirko-cirko, raƙuma a durƙushe, bukka ko igiya ɗaya ba a kwance ba. Ta faɗa wa mijinta 'yan kalmomi da harshensu, ta shige ciki. Ya tsaya, ya gyara amawali ya ja shi har ƙarƙashin ido, sannan ya juya ya ce a sauke kayan da aka fara ɗaurawa. Maƙwabci ya ce, "Yanzu wake ne ya kayar da tuwo da nama?" Daga baya an ba shi amaloli, wato raƙuma maza, suna kwana a gonarsa, don a zauna lafiya, shi ma ya taimaka musu da hatsi, akuyarsa kuma ta daina ɓata.

Sun zauna da mu har hadari ya fara haɗuwa. A gonarmu ta haihu, ɗiya mace, ni na riƙe ta. Ta koya mini yin cuku, na koya mata sa kanwa. Mijinta kuwa har muka rabu bai ƙara kai hannu akushina ba. In ya hango ni da tukunya sai ya gaishe ni daga nesa, cikin girmamawa ƙwarai, ya tuna yana da aiki wajen raƙuma.

Daminar nan, a inda dabbobin suka kwana, hatsi ya fi maigida tsawo. Ranar da aka gama ɗaure dammuna ya tafi kasuwar Tanut, bai gaya mini abin da zai sayo ba. Ya dawo da yamma ya shiga ɗakina, ya ɗauko jakar uwata wadda ta daɗe da zama fayau, ya cika ta da barkono har ta ƙi ɗauruwa. Ya rataye ta inda take, ya yi atishawa, ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Baƙi na nan tafe bayan kaka. Kada ki rage ko kaɗan."