Ranar da Mani Mai Koren Shanu Ya Hau Jirgin Ikko

A Tafoki aka haifi Mani, kuma tun gemu bai fito masa ba ya shiga koren shanu zuwa kurmi. Daga kasuwar Yankara suke tashi, sanda a kafaɗa, su bi burtali har su ƙetare Kwara a Jebba, su gangara Agege a Ikko. Tafiyar takan ci wata biyu in shanu ba su yi gardama ba. Da manyan motoci suka karɓe sana'ar, sai ya dawo gida ya kama noman dawa da auduga, ya sa ɗansa Sha'ibu a boko duk da surutun dangi.

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, Sha'ibu ya zama makanike a filin jirgin sama na Kaduna. Wata rana ya iso Tafoki a kan babur da labari marar daɗi. Mamuda, ƙanen Mani da ya zauna Agege tun zamanin kore, yana kwance rai a hannun Allah, ba ya kiran kowa sai wansa.

"Ko gobe na shiga jirgin ƙasa, ba lalle in iske shi ba," in ji Mani.

"Baba, na sama za ka shiga. Awa guda da 'yan mintoci kana Ikko."

Mani ya dube shi. "Sha'ibu, ƙasar nan da ƙahwata na auna ta. Kada ka yi mani wasa."

"Ba wasa ba ne, Baba. Tashi ka shirya."

Washegari da hantsi Mani yana zaune cikin jirgi a Kaduna, kusa da taga. Da ya leƙa, sai ga Sha'ibu da kayan aiki a ƙarƙashin fiffike, yana nuna wa wasu mutum biyu abin da za su ɗaure, suna bin maganarsa. Mani ya taɓa ɗan kasuwar da ke gefensa, wanda bai taɓa gani ba.

"Alhaji, ka ga wancan dogon? Ɗana ne."

Jirgi ya tashi, Mani ya rufe ido yana salati. Da ya buɗe, gonaki sun koma kamar facin riga. Bai gama shan shayin da aka miƙo masa ba ya hango wani ruwa yana walƙiya, siriri kamar igiyar guga. Ya tambaya, aka ce Kwara ce. Ya tuna yadda sukan isa bakinta da faso a duga-dugai, shanu duk sun rame, sai ya yi dariya shi kaɗai.

Kafin la'asar yana gaban gadon Mamuda. Mara lafiya ya gane shi, ya tambaye shi yaushe ya baro gida.

"Jiya a Tafoki na yi azahar."

Mamuda ya yi murmushi, ya ce zaman kurmi bai hana shi gane ƙaryar wansa ba. Sun sami 'yan kwanaki tare, suka yafi juna, kuma Mani ne ya yi masa wanka da Allah ya karɓi abinsa.

A mota ya dawo, da Ramatu matar Mamuda da 'ya'yanta, ya yanka musu gona a cikin tasa. Bai sake hawa jirgi ba har ya bar duniya, amma daga Tafoki har Daudawa, Mani Na-sama ake ce masa, yana kuwa amsawa da fara'a.