Mai Guga a Sahun Gaba

Sana'arsa guga ce. Shagonsa na bayan tasha, da dutsen guga uku: biyu na gawayi, ɗaya na lantarki mai zaman jiran gawon shanu. Amma in ka tambayi Mai Guga, ce maka zai yi shi ɗan fim ne. Finafinai talatin da ɗaya ya fito: sha tara maigadi, takwas direba, huɗu gawa.

A na talatin da biyu aka ba shi liman, wanda barci ya kwashe har ya makara sallar asuba, ya tsaya gaban jama'a yana neman afuwa da hawaye. Fitowa goma sha huɗu! Babu gidan da bai kai wa labari ba a layinsu.

Sai fim ya je hukumar tacewa. A can akwai wani mai wa'azi da 'yan fim ke kira Malam Almakashi. Ya gyara murya, ya goge tabarau da bakin riga, ya ce, "Ba don kaina nake faɗa ba, amma liman ba ya makara." Aka datse fitowar duka. Darakta ya kasa gaya wa Mai Guga.

Ranar da fim ya fito, maƙwabta suka cika gidan, tsohuwarsa na gaban talabijin har rubutun ƙarshe ya hau.

"Ɗan nan, ina kake? Ko idona ne?"

"Ga hannuna can ya wuce, Inna, riƙe da buta."

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Washegari ya ritsa darakta, ya ji yadda aka yi kalma da kalma.

Daga makon nan Mai Guga ya zama ɗan sahun gaba a wa'azin Malam. Har Malam ya nuna shi ga jama'a: "Ku ga ɗan fim ya tuba." Bai san haddace shi ake yi ba: gyaran murya, gugar tabarau, ɗage kafaɗar hagu, lanƙwasa ƙaramin yatsa. Mai Guga na dawowa shago yana gwadawa a kan rigunan mutane, har ya ƙona biyu.

Matarsa ta ce, "Maigida, katin izininka na fim fa 'yan hukumar ke da iko da shi. In suka karɓe, ko gawar ba ka sake fitowa."

"Ai sun riga sun binne ni. Fatalwa ce za ta je musu."

A fim na gaba aka ba shi mahauci mai danne sikeli da yatsa. Fitowa uku kacal, ya ce sun isa. Ranar tacewa ya bi darakta, ya tsaya bakin ƙofa. Mahauci ya bayyana a bango, ya gyara murya, ya goge tabarau da riga mai jini, ya danne sikeli, ya ce wa wata tsohuwa, "Ba don kaina nake faɗa ba, Hajiya, nama ya yi tsada."

Mutum bakwai ne a teburin. Shida suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ƙa'idar hukumar kuwa, duk mai son a cire wani abu sai ya faɗi dalili a gaban kowa.

Shugaba ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin cirewa?"

Malam ya buɗe baki zai gyara murya, ya haɗiye. Hannunsa ya nufi tabarau, ya dawo da shi cinya.

"Babu."

Fim ya fita, kati na nan a aljihun Mai Guga. Yanzu Malam ba ya ratsa kasuwa, don mahauta na ganinsa sai tari ya kama su gaba ɗaya.

Matar ta ce, "To ai ka huce."

"An ba ni ɓarawon awaki," in ji shi, yana feshin ruwa a kan wata shadda. "Miƙo min hulata. Yau akwai wa'azi, kuma har yanzu tafiyar Malam ba ta zauna min a ƙafa ba."