Asabar Goma Sha Huɗu da Madugu Ya Ba Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye gaban allo ina yi wa ɗalibai bayani sai wayata ta yi ta motsi a aljihu har sau uku. Na fito baranda na ɗauka. Dogo ne, abokin karatunmu, kuma tun daga sallamarsa na san babu lafiya. Ya ce, "Manomi, sai haƙuri. Madugu ya rasu." Madugu, na san kana kwance a asibiti, mun ma yi waya ranar Juma'a ka ce mini jiki da sauƙi, har ka tambaye ni ko har yanzu ina wasa da ƙasa. Na koma aji na sallami yaran, na zauna a kujerar malami, ban iya tattara takarduna ba sai da aka jima.

Ina rubuta wannan ne saboda na yi shekara goma sha tara ina yi maka ba'a a kan abin da ya kamata in durƙusa in yi maka godiya. Ban san haka ba sai bayan kwana uku da rasuwarka, kuma tunda ba ka nan balle in faɗa maka a kunne, bari in faɗa kowa ya ji.

Mu huɗu muka haɗu a ƙasar da muka je karatu, a wani gidan haya mai hawa biyu bayan jami'a. Kai da Dogo kuna karatun injiniyan gine-gine, Lauya yana karatun shari'a, ni kuma ina nazarin ƙasar noma, shi ya sa kuka laƙa mini Manomi. Gari ne mai zafi da gumi, kore shar ko'ina, ruwan sama ba ya sanin watan sauka balle na ɗaukewa. Ka wanke riga ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba, takalmi kuwa idan ka ajiye shi mako biyu sai ka tarar ya yi gashi. Watanninmu na farko daga aji sai ɗaki, kowa ya rungumi kewar gida yana kallon fanka.

Kai ne ka fid da mu. Wata Juma'a da yamma ka shigo da wata ƙatuwar taswira, ka shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, ka danne kusurwoyinta da takalmanmu, ka ce ba za mu tsallako duniya mu zo mu koma ba mu san komai ba sai hanyar ɗakin karatu. Ka sayi wata tsohuwar mota a hannun wani ɗalibi da ya gama zai koma gida, motar da ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta waje, ƙahonta kuma sai ya ga dama. Daga ranar Lauya ya sa maka suna Madugu, sunan ya bi ka har 'ya'yanmu ba su san kana da wani ba.

A wannan motar na fara ganin teku. Na tsaya nesa da ruwan da takalmina a ƙafa, kai kuwa ka naɗe wando ka shiga har gwiwa kana ƙwala mini kira, sai da ka dawo ka ja ni da hannu. Mun hau duwatsun da ake noman shayi, inda hazo ke saukowa ya rufe hanya da rana tsaka. Mun je wani wuri da ruwa ke zubowa daga saman dutse, birai suka ƙwace wa Lauya ayaba, ya tsaya yana yi musu bayanin haƙƙin mallaka. Ko ina za mu, amsarka ɗaya ce: "Nan kusa ne." Nan kusa ɗinka na iya zama tafiyar awa biyar, kuma ba ka taɓa jin kunyar hakan ba.

Kana da tsarinka da ba ka sauya shi. Ba ka tayar da mota sai ka waiwayo ka ƙirga mu da yatsa, mu huɗu kacal, kamar makiyayi da garke. Ba a barin kowa a ɗaki ranar Asabar, ko mura yake yi sai ka nannaɗe shi ka sa a baya. Lokacin salla na yi za ka tsaya ko a ina ne, ka ciro tabarma daga bayan mota. Duk ƙauyen da muka shiga kuwa, kafin mu gama miƙe ƙafa ka riga ka yi aboki. Yarensu bai wuce kalma talatin a bakinka ba, amma da su da murmushi da hannu sai mu ga an kawo mana benci, an sare mana kwakwa, wani tsoho yana nuna maka hoton jikokinsa.

A shekararmu ta ƙarshe ka naɗe taswirar ka ce yawo ya ƙare. Layinka ya zo a kan injin gwaji na sashenku, wanda ke matse tubalin siminti har ya fashe don a auna ƙarfinsa, kuma ranar Asabar aka ba ka. Ga shi an haifa maka 'yarka ta fari a gida, ba ka taɓa ganin ta ba sai a hoto. Ka manna hoton a bango saitin gadonka, kullum kana lissafin cewa za ka isa gida tana wata biyar.

A wannan lokacin ne na tafka wautar da ta kusa kashe mini karatu. Na yi wata tara ina tattaro samfurin ƙasa daga wurare talatin da shida da motar sashenmu. Ƙa'ida ita ce a busar da ƙasar a cikin ɗaki, a inuwa, amma ɗakin busarwa ya cika, danshin garin kuma ya hana komai bushewa, ga lokacin tallafin karatuna saura wata biyar. Wata safiya na ɗaga kai na ga sama garau, rana tana dukan rufi. Ɗan da ya tashi yana ganin uwarsa tana shanya hatsi, me zai ce da irin wannan rana? Na kwashi ƙasar nan kaf na hau saman bene, na shimfiɗa jaridu, na baza kowane samfuri da 'yar takardarsa da na rubuta da biro, na tafi aji raina fes. Ƙarfe uku na rana ruwa ya ɓalle. Kafin in iso a guje, wurare talatin da shida sun zama taɓo guda, yana bin bututu yana sauka kwata.

Malamina bai yi mini faɗa ba, ya dai ce motar sashe sau ɗaya ake ba ɗalibi. Na dawo na rufe ɗaki kwana huɗu. Na ciro akwatina daga ƙarƙashin gado na fara shirya kaya, na rubuta wa mahaifina wasiƙa sau uku ina yagawa, don ban san yadda zan gaya wa mutumin da ya tara dangi ya raka ni filin jirgi cewa na shanya digirina ruwa ya tafi da shi ba.

Ranar Juma'a ka turo ƙofa ba ka jira izini ba. Ka kalli akwatin, ka ture shi da ƙafa ka shimfiɗa taswira a wurin.

Ka ce, "Manomi, tashi ka miƙo takalmanka mu danne. Gobe akwai tafiya."

Na ce, "Ina injin naka?"

Ka ce, "Inji yana nan, ba inda za shi. Ni kaina ne ya ɗau zafi, in ban sha iska ba, zan haukace muku a gidan nan."

Na ce ni ba inda za ni. Ka ce to a motarka ba a barin kowa, in ina so in jawo wa su Dogo asarar tafiya sai in ci gaba da kwanciya.

Washegari da na buɗe bayan mota sai na ga ƙarfen da muke murzawa mu ciro ƙasa, da buhun ledoji, da alƙalamin da ruwa ba ya wanke rubutunsa. Na kalle ka, ka kau da kai kana ƙirga mu. Wurin da ka kai mu ba teku ba ne, ba dutse ba, wata fadamar shinkafa ce mai tarin sauro, wuri na farko a jerin wurarena. Ka ce, "Tunda mun zo, ɗebi 'yar ƙasar mana, kada mu koma hannu banza."

Haka muka yi Asabar goma sha huɗu. Wata ranar wuri biyu, wata ranar uku, wani lokacin mu kwana mu haɗa da Lahadi. Kai ke riƙe ƙarfen ta ɗaya gefen muna murzawa, Dogo yana ɗaure ledoji, Lauya yana rubuta lamba yana mita cewa zai kai ƙarar Madugu saboda an yi masa alkawarin shan iska an kawo shi aikin gona. Motar ta maƙale a laka sau biyu, tsutsar ruwa mai shan jini ta kama ka a ƙauri ka cire ta kana dariya. Ka kwashe kayanka daga ɗakinka ka koma na Dogo, ɗakin naka ya zama wurin busar da ƙasa, fanka tana kaɗawa dare da rana. Ba sau ɗaya ka taɓa kiran abin nan taimako ba. Yawo kake ce masa, ni ma girman kai ya sa na bi ka a kan yawon.

Na gama a kan lokaci, Lauya ma haka, Dogo ya biyo mu da wata guda. Kai kuwa ka ƙara wata takwas. Ka ce malaminka ne bai gamsu da sakamako ba, muka yarda. Da ka dawo gida 'yarka ta shekara har tana tafiya, kuma da ka miƙa mata hannu ta fashe da kuka ta ruga bayan mahaifiyarta. Kai da kanka kake ba da wannan labari kana dariya. Ni kuwa duk inda muka haɗu, a ɗaurin aure ko a waya, sai na ce, "Ai ga irin ta nan, Madugu, yawo ya sa ka ƙara shekara." Har a gaban 'ya'yanka na faɗa. Sai ka yi murmushi ka ce, "Wallahi kuwa, Manomi, yawo bai yi ba."

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zaune a ƙofar gidanka ana karɓar gaisuwa, na so in sa mutane murmushi sai na sake ɗauko zancen. Dogo ya dafa gwiwata ya ce in zo. Muka koma gefe, jikin motarsa.

Ya ce, "Don Allah ka bar faɗin maganar nan. Ya sa ni na yi alkawari, amma yanzu ba ya nan. Ka san dokar injin nan? Duk wanda ya bar Asabar uku a jere, sai ya koma ƙarshen layi. Kuma tubalan da ya zuba, ranar da suka cika kwana ashirin da takwas ake fasa su, in ta wuce sun tashi aiki, sai a sake zubawa. Ya san duk wannan kafin ya shigo ɗakinka da taswira. Ni na raka shi wurin malaminka ya karɓo jerin wuraren nan."

Na ce, "Me ya sa bai gaya mini ba?"

Ya ce, "Cewa ya yi in ka sani ba za ka shiga motar ba."

Gaskiya ka faɗa, da ban shiga ba. Ka san ni fiye da yadda na san kaina. Na jingina da motar Dogo na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, kukan kunya da na ƙauna a haɗe. Duk ɗalibin da na koyar a shekarun nan, duk gonar da aka kira ni na duba, gidan da nake ciki da mutuncin da mahaifina ya rasu yana alfahari da shi, daga waɗannan Asabar goma sha huɗu suka fito. Ka ba ni su, ka kuma bar ni ina yi maka dariya a kansu shekara goma sha tara ba ka ɓata fuska ba ko sau ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta haifi ɗa kuma ta ba shi tarbiyya, da ƙannenka, da Dogo da Lauya, da ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashinka suka cika layinku ranar jana'iza. Ga maiɗakinka, wadda na je na durƙusa gabanta zan yi bayani ta ce in tashi, ita tun a wasiƙa ka gaya mata, kuma ita ta ce ka tsaya ka taimake ni: Yaya, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da irin abin da Yake saka wa masu haƙuri.

Ke kuma babbar 'yarsa, 'yata, akwai abin da nake so ki riƙe. Kin tashi kina jin ana cewa yawo ne ya hana mahaifinki ganin zamanki da rarrafenki da takunki na farko, kuma daga bakina kika fi jin haka. Ba yawo ba ne. Ni ne na riƙe miki shi. Yana kwana yana kallon hotonki a bango, gari ya waye ya tashi ya je ya riƙe mini ƙarfe a cikin laka. Ki yafe mini, ki kuma gaya wa ƙannenki irin uban da kuke da shi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Bai taɓa tayar da mota ya bar ɗayanmu a baya ba, Ya Allah kada Ka bar shi a baya ranar da ake ƙirga bayinKa na gari. Ka kula da abin da ya bari, Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Madugu, na gode. Na makara, amma na gode.